Tsohuwar masaƙar kaka za ta iya fitar da mayafi?

Tambaya: Wani ɗan'uwa ya gaji kayan saƙar kakansa, irin masaƙar maza mai fitar da siririyar ƙwarya, wato dogon ƙyalle marar faɗi da ake haɗawa a yi tufa. Kayan sun fi shekara 20 a ƙunshe cikin buhu a zaure. Yana so ya kafa ta a tsakar gida ya saƙa wa mahaifiyarsa mayafi, shi ne yake tambaya ko za ta yi, zare nawa zai saya, kuma ta ina ake farawa.

Amsa: Za ta yi, ɗan'uwa, muddin gara ba ta riga ka ba. Kada ƙanƙantar faɗinta ta sa ka raina ta. Irin wannan masaƙa ce ta fitar da turkuɗin da ake rinawa a Kura, wanda Buzaye ke naɗawa, ƙwarya sirara ƙwarai masu laushi da ake jerawa da yawa a ɗinke su zama mayafi guda. Da ita aka yi tufafin da Bajamushe Heinrich Barth ya tarar suna riƙe da kasuwancin Kano a 1851. Sai dai ka san abu ɗaya tun yanzu: saƙar mayafi ba saƙar riga ko gwado ba ce. Riga tana son ƙarfi da cika, mayafi kuwa yana son ya kwanta a kafaɗa ya bi jiki. Kuma tunda ƙwarya takwas za ka haɗa, dole su fito tsawo ɗaya da tauri ɗaya. Yawancin wahalar tana nan, ba a jefa ƙoshiya ba.

Kafin ka sayi zare, zazzage buhun a kan tabarma. Abubuwan da kake nema su ne allira guda biyu masu ɗaga zare da sauke shi (wasu garuruwan na cewa andira), matsefi mai danna zaren a jikin saƙa, ƙoshiya da ake jefawa tsakanin zare da kwarkwaronta da ake naɗa zaren a kai, takala wadda ake naɗe saƙar a jikinta, matakai, ɗan icen nan mai juyawa da igiyar allira ke rataye a kansa, sai kunkuru, wato katakon da ake ɗora wa dutse ya riƙe zaren. Dirkoki da sandunan sama kada su dame ka, ko sun ruɓe kowane ice madaidaici zai maye gurbinsu. Kunkuru ma ɗan allo ne da turke a tsaye, kafinta zai yi maka cikin minti kaɗan.

Idan ka tarar da guntun tsohuwar saƙa maƙale a matsefi, zarurrukanta sun ratsa ta cikin allira, kada ka sa almakashi. Masaƙa na barin wannan guntu da gangan, don in an zo ɗora sabon zare sai a ƙulla shi ɗaya bayan ɗaya a jikin tsohon a jawo, ba sai an sake zura kowane zare a idonsa ba. Ja zare biyu ko uku ka gani. In sun jure, aikin yini guda ya ragu maka. In suna tsinkewa kamar yanar gizo, ka fara ƙirga su ka lura da yadda aka zura su, sannan ka cire.

Matsefi shi ne abin dubawa da kyau. Haƙoransa tsinkayen gora ne ko na tukurwa, kuma su ne ke fara lalacewa. Ɗaga shi a rana ka duba ko tazarar da ke tsakaninsu daidai take. Haƙori ɗaya da ya karkace zai ja layi a tsawon saƙar gaba ɗaya, haƙori mai sartse kuma zai riƙa cin zare a wuri ɗaya har ka gaji da ƙulli. Ka bi da guntun auduga a tsakanin haƙoran. Duk inda audugar ta maƙale akwai kaushi, sai ka goge da sanfefa mai laushi. In haƙora fiye da uku ko huɗu sun karye, sake matsefin ya fi gyaransa, kuma har yanzu akwai tsofaffin masaƙa a wurare irin su Minjibir da za a iya neman sabo ta hannunsu. Allira kuwa zare ce aka sarƙe tsakanin sanduna biyu, bayan shekara 20 da wuya ta rage da ƙarfi. Sake ta da zare mai santsi mai ƙarfi, ka naɗa kowane madauki a kan katako guda don tsawonsu ya zo ɗaya. Madaukin da ya fi 'yan'uwansa tsawo ba zai ɗaga zarensa sosai ba, ƙoshiya za ta riƙa tsallake shi. Katakon da ka ga ƙananan huji a jiki yana zubar da gari, ƙwaro ne a ciki: ɗiga kananzir a hujin, ka shanya kwana biyu. Ƙoshiya a goge ta da sanfefa a shafa kakin zuma. Kada ka shafa mata man gyaɗa, zai bi farin zare ya bar tabo.

Yanzu zare. Don mayafin farko ka sayi zaren auduga na masana'anta mai murɗi biyu. Idan akwai lamba a jikin dunƙulen, nemi 20/2, ma'ana zare mai lamba 20 aka murɗa guda biyu. Wannan yana ba da kusan mita 17 a kowane giram. Abawa kada ka kusance ta a wannan aiki, kaurinta na gwado ne. Zaren kaɗin hannu yana da kyan da na inji ba ya da shi, amma a matsayin zaren tsaye, wato wanda ke miƙe a tsawon saƙar, sai wanda ya sha murɗi sosai, kuma sai an yi masa sitaci, in ba haka ba allira ta kwashe gashinsa ya dunƙule ya tsinke. In kana da mai kaɗi a gida kana son hannunta ya shiga mayafin, to sa nata a ƙoshiya, na masana'anta ya tsaya a tsaye. Ranar da ka kai ga sa na hannu a tsaye, ka dama babban cokali ɗaya na sitacin rogo a lita ɗaya ta ruwa, ka dafa har ya yi garau, ya huce, ka jiƙa zaren, ka matse, ka rataye da ɗan nauyi a ƙasa, kana karkaɗe shi kafin ya bushe don kada ya manne. Wani abin kiyayewa: kada ka cakuɗa auduga da zaren roba irin na saƙar hula da rigar sanyi a wadari guda, wato jerin zaren tsaye. A wankin farko auduga za ta tsuke, na roba ya tsaya yadda yake, mayafin ya tattare layi-layi, kuma guga ba ta gyara wannan.

Ko akwai lamba ko babu, ga yadda za ka san yawan zaren da ya dace. Naɗa zaren a jikin rula, kowane zagaye yana taɓa ɗan'uwansa ba tare da matsi ba, har ya cika santimita ɗaya. Ƙirga zagayen ka raba biyu. In misali zarenka ya ba da 20, rabinsa 10, wato zare 10 a kowace santimita ta faɗi. Sai ka koma ga matsefinka. In yana da ƙofa 5 a santimita, zare biyu a kowace ƙofa ya yi daidai. In haƙoran sun fi haka tazara ko matsi, ka sauya kaurin zaren ya dace da matsefin, domin shi ba ya sauyuwa.

Mu ɗauka kana son mayafi mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 80, ƙwarya takwas kowace santimita 10. A matsefi ka ba ta santimita 11, domin saƙa na tsukewa a gefe, wanki ya ƙara tsuke ta. Zare 110 ke nan, ka ƙara biyu a kowane gefe don baki ya yi ƙarfi, ya zama 114. A tsawo, auduga na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin goma a wanki, saboda haka kowace ƙwarya za ka saƙa mita 2 da santimita 20. Zaren tsaye kuma yana hawa da sauka a kan na kwance, wato na ƙoshiya, wannan yana cin tsawo, don haka ka lissafa mita 2 da 40. Ƙara santimita 30 da za ka bari ba saƙa saboda geza, 15 a kowane kai. Kowace ƙwarya ta ci mita 2 da 70, takwas sun ci mita 21 da 60. Ƙara mita ɗaya na gwaji da mita ɗaya da rabi da za su salwanta a farko da ƙarshe, ka cike zuwa mita 25. Zare 114 sau 25 ya ba da mita 2,850. Na kwance, in kana sa 9 a santimita, jifa 15,840 ne, kowane yana cin kamar santimita 12, wajen mita 1,900 ke nan. Jimla mita 4,750, kusan giram 280. Sayi giram 400, kuma ka saye shi lokaci guda daga kwali guda, domin ko fari ba ya zuwa iri ɗaya daga wannan kaya zuwa wancan.

Batun launi, ka tsaya ga ratsin tsaye. Ratsin da aka jera tun a wadari yana bin kowace ƙwarya da kansa, in aka haɗa sai ya zauna daidai. Ratsin kwance kuwa sai ya faɗo a wuri ɗaya a duk ƙwarya takwas, kuskuren rabin santimita ma ido na ganinsa daga nesa. Saƙi mai kama da gashin zabo ka bar shi sai hannunka ya faɗa. In za ka kai zare marina, irin ta Ƙofar Mata a Kano, a rina maka shi da baba, ka ɗauraye shi har ruwan ya daina sauya launi, ya bushe, kafin ya haɗu da fari.

Wadari ne wurin da ake cin nasara ko a sha kaye. Ka kafa turaku biyu masu tazarar mita 5, ka riƙa kai da komowa har zaren ya yi layi biyar, mita 25 ke nan ba tare da ka fita waje ba. Kowane layi da nasa turken juyawa don kada su hau juna. A ƙarshen da za ka ɗora wa masaƙa ka kafa ƙarin turaku biyu kusa da juna, zare ya riƙa gittawa a tsakaninsu, wannan ya bi ta dama ya fita ta hagu, na bayansa ya saɓa masa. Wannan gicciyen shi ke riƙe jerin zaren, shi zai gaya maka wane ne na ɗaya wane ne na biyu. Kafin ka zare wadarin daga turaku, zura igiya mai wani launi ta ɓangarorin gicciyen biyu ka ɗaure. Wanda ya manta wannan zai kwana yana warware zare 114. Mutum ɗaya ya yi wadarin daga farko zuwa ƙarshe, a zama ɗaya, domin jan hannun kowa daban ne, kuma zaren da aka ja da safe da wanda aka ja da rana tsaka ba sa zuwa da tauri ɗaya. Turke kuma ya kafu sosai. In ya riƙa sunkuyowa a hankali, zarurrukan ƙarshe za su fi na farko gajarta, ka samu gefe ɗaya a ɗaure ɗaya a sake har ƙarshen aikin. Ka ɗaɗɗaure wadarin duk bayan mita ɗaya, sannan ka naɗe shi dunƙule, kana farowa daga ƙarshen da ba gicciye.

Kafa masaƙar ba wuya. Dirkoki huɗu su shiga ƙasa kamar santimita 40, takala ta gitta daidai cibiyarka in ka zauna, allira da matsefi su rataya yadda zaren zai bi ta tsakiyarsu a miƙe in ba ka taka komai ba. Zuri kuwa ɗaya ne: zare na ɗaya a allirar gaba, na biyu a ta baya, haka har ƙarshe, sannan biyu-biyu a ƙofofin matsefi. Kunkuru ya tsaya daidai saitin tsakiyar takala. In ya kauce gefe ko da taki ɗaya ne, ƙwaryar za ta fito a lanƙwashe kamar lauje. A filin saƙa ana kai shi nesa sosai, amma a gida mita 4 zuwa 5 sun isa, sai dai gajeren zare ba ya da yalwar miƙewa, don haka kada ka cika masa nauyi. Fara da dutse mai kilo 8 zuwa 10 a kan ƙasa. Ka danna zaren da tafin hannu: ya ɗan nutsa ya dawo. In kunkurun na biyo ka duk lokacin da ka ja matsefi, ƙara dutse. A kan siminti yana sulɓi, sai ka shimfiɗa masa tsohon buhun algarara ko guntun roba a ƙasa.

Kwarkwaro kada a cika shi har ya taɓa cikin ƙoshiya. Ka naɗa shi da tauri, zaren na kai da komo, ka gwada ja: ya warware ba tare da fizga ba. Kwarkwaron da ke cijewa shi ne ke jawo gefen saƙa ciki ba tare da ka sani ba.

To, ga inda mayafi ya rabu da riga. Tsarin motsin huɗu ne: taka, jefa, jawo matsefi, sauya ƙafa. Masaƙin farin riga yana buga matsefi da ƙarfi har ana jin ƙararsa daga ƙofar gida. Kai ba bugu za ka yi ba, ajiye zaren za ka yi a wurinsa. Riƙe matsefin a tsakiya, ka jawo shi sau ɗaya a hankali. Idan ka leƙa saƙar tana kan masaƙa, ya kamata ka ga ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu tsakanin zare da zare, kamar rariya mai laushi. Za ka ji kamar ta yi sakwa-sakwa da yawa, amma wanki zai rufe ramukan. Wadda ta yi kyau ta cika tun a kan masaƙa, bayan wanki tabarma za ta zama. Ajiye rula kusa, duk bayan taki ɗaya ka ƙirga, ka ga 9 a santimita. Zaren kwance kuma kada ka ja shi ya miƙe. In ƙoshiya ta fita, ka bar zaren a karkace, ya manne da gefen da ya fito, ɗaya kan kuma ya ɗaga nesa da bakin saƙar kamar yatsa biyu, sannan matsefi ya kwantar da shi. Wannan rarar ce yake buƙata don ya hau ya sauka tsakanin na tsaye. In babu ita, ƙwaryar santimita 11 za ta koma 9, matsefi ya fara gurzar zarurrukan gefe suna tsinkewa.

Mita ɗayan nan na gwaji kada ka yi rowarsa. Saƙa rabin mita, ka auna tsawo da faɗi ka rubuta, ka yanke, ka wanke, ya bushe, ka sake aunawa. Ɗora shi a wuyan hannu ka ga ko yana zubowa. A nan za ka san ainihin raguwar zarenka da ko hannunka ya yi nauyi, tun gyara yana da arha.

Don ƙwarya su zo tsawo ɗaya, yanki igiya marar miƙewa mai mita 2 da 20, ka yi mata alama duk santimita 20, ka riƙa maƙala ta da fil a gefen saƙar tana naɗuwa tare da ita. Igiya ɗaya za ta auna duka takwas ɗin, kuma kullum ka auna a yanayi ɗaya, ko dai zaren na ɗaure ko a sake, kada ka cakuɗa. Ka yi ƙoƙari ƙwaryar da ka fara ka gama ta a ranar. Mai koyo da ke jifa 20 a minti zai ci wajen minti 100 a kowace ƙwarya, ban da tsayawar gyara, don haka ƙwarya ɗaya a yini ba nauyi ba ne. A farko da ƙarshen kowacce ka ɗan matse jifa shida don kada ta warware, sannan ka bar santimita 30 ɗin geza ka fara ta gaba.

Zare zai tsinke, babu makawa. Kada ka ƙulla a wurin, ƙulli ba ya ratsa matsefi lafiya. Yanko sabon zare kamar mita ɗaya, ka ƙulla shi da tsinkakken can bayan allira, ka zura shi ta idonsa da ƙofarsa, ka naɗe kansa a jikin fil da ka soke a saƙar. In an sauke sai ka shigar da jelar da allura. In tsinkewar ta yi yawa a ko'ina lokacin hunturu, bushewar iska ce: auduga ta fi ƙarfi in tana da ɗan laima, sai ka yi aiki da sassafe, ka shafa wa zaren jiƙaƙƙen tsumma. Da damina kuwa kada ka bar wadari a ƙasa ya kwana, zai yi fumfuna, in da sitaci a jiki kyankyasai da ɓeraye su same shi. Idan ka ga dogon zare ya yi tsalle a bayan saƙar, ƙofar ƙoshiya ce ba ta buɗe tsaf ba. Duba igiyoyin matakai ko ɗaya ta saki, ka kuma duba ko wani zaren tsaye ya yi sako-sako. Wanda ya saki, rataya masa ƙaramin ƙarfe a bayan allira ya ja shi.

In ka sauke, ka raba ƙwaryoyin ta tsakiyar geza, ka ƙulla gezar zare shida-shida ko ka murɗe ta. Wanke su duka tare kafin ɗinki, a ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ka bar su minti 20, ka matse ba murɗawa, ka shanya a inuwa, ka goge da sauran laima. Wanki kafin ɗinki yana sa kowace ta gama raguwarta, in ba haka ba wadda ta fi tsukewa za ta ja maƙwabciyarta a layin ɗinki. Shimfiɗa su ka jera, mafi tsawo kusa da mai bi mata, don bambancin ya ɓace a hankali. Haɗa biyu-biyu, ka soka fil daga tsakiya zuwa kai, ka ɗinka da hannu da zaren saƙar kansa, baki da baki ba ɗorawa, allura na ɗaukar zaren gefe ɗaya daga nan ɗaya daga can, ba ja sosai. Keken ɗinki ya fi sauri, amma yana barin layuka bakwai masu tauri a cikin abin da ka wahala don ya yi laushi. Mabuga ma ba sai ka kai ba. Bugu na ba da ƙyalli da santsi irin na kore da turkuɗi, mayafin uwa na yau da kullum guga ta ishe shi.

Wajen yanke ƙwarya ta ƙarshe, ka ƙara saƙa kamar yatsa huɗu, ka yanke ta gabansu, ka bar wannan guntu a gaban matsefi da taki biyu na zare a bayan allira, ka ɗaure su sako-sako. Naɗe allira da matsefi tare a tsumma mai tsabta, ka rataye su a bango nesa da ƙasa. Wadari na gaba a jikin wannan guntun za ka ƙulla shi.